Garejin da Muka Yi a Zauren Baffa

Akwai wata irin mota da ta cika titi a 'yan shekarun nan, wadda har yau in na hango ta sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ita ba jip ba, ita ba ƙaramar mota ba. Ƙaramar mota aka ɗauka aka ɗaga ta sama kaɗan, aka kumbura mata kumatu, aka zagaye bakin tayoyinta da baƙar roba, sannan aka ɗora mata sanduna biyu a ka, waɗanda ban taɓa ganin an ɗaure ko tabarma a kansu ba. Daga nesa sai ka rantse za ta hau dutsen Kufena. In ka matso ka tambayi wanda ya sani, sai ya gaya maka tayoyin gaba kaɗai ke ja, na baya rakiya suke yi. Mutanen unguwarmu ƙaramar jip suke ce mata. Ni ina da sunan da nake kiran ta da shi a zuci, amma bai dace da takarda ba.

In za a bi gaskiya, motar ba ta yi mini komai ba. Mu muka yi, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

Gidanmu a Kusfa yake, can cikin lungu. In ka baro titi za ka yi tafiya kamar taku sittin, sai lungun ya karye hagu a jikin katangar maƙwabcinmu, wani dattijo baduku. Daga wannan kwana taku ashirin ne zuwa ƙofarmu. A nan lungun ke yin karo da gidan, sai ya zame ta gefe ya koma siririyar hanya mai zuwa masallaci. Saboda haka duk mai zuwa salla, duk mai yanke hanya zuwa kasuwa, sai ya bi ta bakin zaurenmu.

Zauren kakanmu ya gina shi, da ƙasa da azara. Rufinsa ɗaurin guga ne, bakuna huɗu suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiya. A fuskarsa ta waje akwai zanen magina, har da wani keke da aka fitar da shi da ƙasa, wanda muna yara muke shafa tayarsa in za mu wuce. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, in ka shiga zauren nan sai ka ji kamar an ba ka ruwan randa.

A cikinsa Baffa yake zama. Ƙanen mahaifinmu ne, kuma tun bayan rasuwar mahaifin namu shi ne babba a gidan. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk mata ne, suna gidajen aurensu. Sana'arsa aikin riga da hannu. Tun kafin a haife ni yake shimfiɗa buzunsa a gefen dama na ƙofa, inda hasken safiya ke faɗowa a kan cinyarsa ba tare da rana ta taɓa shi ba. Ido ya yi rauni, rigar da a da yake gamawa a wata biyu ta koma ɗaukar masa shekara, amma bai ajiye allura ba. Ba rigar ce ke riƙe da shi ba ma. Mutanen ne. Daga hantsi zuwa magariba sallama ba ta yankewa. Wannan ya tsuguna ya ba shi labarin rasuwa, wancan ya zauna su yi musun shekarar da aka yi wani abu, tsofaffi biyu uku kuma kullum nan suke cin tuwon dare da shi. Zauren nan shi ne shagonsa, shi ne majalisarsa, shi ne duk abin da ya rage masa na duniya.

Sai Yaya ya yi ritaya. Shi ne babban wanmu, ya yi shekaru yana aikin gwamnati a Kaduna, ya yanke shawarar dawowa gida. Kafin ya dawo ya ce lallai sai ya sayi motar da za ta zama ta ƙarshe a rayuwarsa. Ranar wata Asabar ya zo da wani ɗan littafi mai sheƙi da dillalai suka ba shi, ga motar a bangon littafin, an ɗauke ta hoto a kan wani tudu, ba ko ɗigon taɓo a tayarta.

Mako guda muka yi muna musu a kan inji. Ina tuna wannan makon da kunya. A cikin zauren ma muka yi shi, a gaban Baffa. Littafin ya ce motar iri uku ake yin ta. Akwai mai ƙaramin inji, fulogi uku, da tabo mai hura masa iska don ya yi ƙarfin da ya fi girmansa. Akwai mai fulogi huɗu, ba tabo, ba wani ƙaƙale. Akwai kuma mai haɗa fetur da batir, wadda aka ce in tana tafiya a hankali ba ka jin motsinta. Wannan ta ukun tun ranar farko aka jefar da ita. Wani tsoho cikin abokan cin tuwon Baffa ya ce motar da ke tafiya shiru kamar ɓarawo ba ta dace da unguwar da yara ke wasa a hanya ba, Yaya kuma ya ce in batirin ya mutu wa zai taɓa shi a garin nan.

Aka bar biyu. Bakaniken da ke gyara mini babur ya ce mu ɗauki mai huɗu, domin ita suka sani, kuma ba ta da tsirfa in an zuba mata man da ba a tabbatar da asalinsa ba. Yaya kuwa zuciyarsa na kan mai tabo. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, don haka ni aka ɗora wa alƙalanci. Na zauna da biro da takarda, na kwatanta ƙarfin wannan da na wancan, da abin da kowanne ke sha, na fito da sakamakon da na san Yaya ke so. Ya buga cinya ya ce, “Ka ji amfanin boko.” Mutanen da duk rayuwarsu babur suke hawa suka yi ta gyaɗa kai a kan tabo. Baffa yana gefe yana soka allura.

Da aka gama da inji sai maganar wurin kwana ta taso. Motar tana hanya, an ce sai bayan wata guda za ta iso, Yaya kuma ya rantse ba za ta kwana a waje ba ko sau ɗaya. Gidan ba fili ta gaba. Wuri ɗaya ne ke kallon lungu kai tsaye. Babu wanda ya fara furta sunansa, amma duk mun san inda idon kowa ya sauka.

Bayan la'asar muka sami Baffa a zauren, ni da Yaya. Muka durƙusa.

Yaya ya ce, “Baffa, wata 'yar shawara muka zo da ita. Motar nan da ke tafe, mun duba mun duba, ba mu ga inda za a ajiye ta ba sai nan. In ka yarda sai a gyara wurin, a yi na zamani. Kai kuma ga ɗakin marigayiya can ciki, a gyara maka shi, ka huta da hayaniya.”

A gyara wurin, in ji shi. Baffa bai ɗago ba. Sai da ya ja zarensa har ƙarshe, ya cije shi, sannan ya ce, “Gidanku ne, Alhaji. Duk yadda kuka gani.”

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san fassarar wannan magana. In babba ya ce maka gidanku ne, a gidan da aka binne cibiyarsa tun ubanka na goye, to takalmanka za ka ɗauka ka fita, bayan kwana biyu ka aiko wani ya ba shi haƙuri. Dattijo ba ya buɗe baki ya ce wa 'ya'yan wansa a'a a kan abin da suke da gado a ciki. Kunya ba za ta bar shi ba, kuma ya dogara da cewa mu ma kunyar za ta hana mu. Yaya ya sani, ni ma na sani. Muna fita ya dube ni ya ce, “Ka dai ji ya amince.” Na ce, “Na ji.” Hausawa sun ce babu mugun sarki sai mugun bafade, kuma a ranar ni ne bafaden.

Aikin awo ma ni aka ba. Na duba littafin na ga faɗin motar da tsawonta, na yanko igiya biyu daidai da su. Na ɗauki ta faɗin na bi lungun tun daga titi, ina miƙa ta daga bango zuwa bango. Ko'ina ta shige, har da rarar kusan taki guda ta kowane gefe. Da na zo kwana na auna kafin ta, na auna bayan ta, duk lafiya. Na ɗauki doguwar na ja ta a ƙasa, ta biyo ni ta zagayo kwanar salin-alin. Na iso ƙofar gida ina naɗe ta a hannu kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Baffa ya dube ni ta saman tabarau. “Malam, ka auna kwanar?”

“Na auna, Baffa. Gaba da baya.”

“To. Ni dai na san makara in ta zo wurin nan sai na gefe sun saki, an tsaya an juya ta a hankali. Igiyarka kuwa na ga tana lanƙwasa.”

Dariya na yi. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina. Na tsaya ina yi masa bayani cewa mota tana da sitiyari, tayoyinta na juyawa, ba kamar makara ba. Ya ce, “Allah ya sa,” ya koma kan aikinsa. Wannan ita ce kaɗai maganar da ya yi don kare zaurensa, ita ma ya lulluɓe ta ne don kada mu ji kunya.

Masu rushewa suka zo da diga da gatari, suna ganin aikin yini guda ne. Kwana uku suka yi. Ƙasar ta daskare ta zama kamar dutse, diga na sauka tana tsalle. Babbansu ya share gumi ya ce mini, “Malam, wannan ginin ba shi da niyyar faɗuwa nan da shekara ɗari.” Ya faɗa ne kamar yabo. Azarar da aka zaro baƙa wuluk, ko ƙwaro bai taɓa ta ba, maƙwabta suka yi ta roƙo ana ba su. Keken nan na jikin bango da duka ɗaya ya tafi. Ina tsaye ina kallo, wani sanyi mai ƙamshin tsohuwar ƙasa ya fito daga cikin ɓaraguzan ya buge ni a fuska. Baffa bai leƙo ba duk kwanakin. Ta ƙofar baya yake zagayawa masallaci.

Cikin mako biyu aka tsayar da gareji: bulo, rufin kwano, da ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai ganye biyu da aka shafa wa shuɗin fenti. Aka huda wata 'yar ƙofa a gefe don mutanen gida.

Ranar da motar ta iso ni na raka Yaya da matarsa Kaduna muka ɗauko ta. A hanyar dawowa na fara sanin halinta. Sitiyarin sakayau, da yatsa ɗaya za ka murɗa shi, amma ba ya gaya maka komai game da abin da taya ke takawa. In an sha kwana sai duk jikinta ya karkata kamar jakin da aka ɗora wa kaya gefe guda. An saka mata manyan ƙafafu masu sheƙi da siririyar taya, saboda haka kowane rami sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Injin da muka yi mako muna yabo, in an rage gudu sai ya riƙa karkarwa kamar injin markaɗe, in an taka shi sai ya yi jim kamar yana shawara, sannan ya zabura lokacin da ba ka shirya ba. Matar Yaya tana baya, ɗaurin ɗankwalinta na gugar rufi, gwiwarta na dukan kujerata. Gilashin baya ɗan mitsitsi ne, an ce ai akwai kyamara. Duk girman da take nunawa a waje, kumburi ne kawai. Yaya dai murmushi yake yi, yana ta latse-latse.

Da azahar muka iso bakin lungu, jama'a sun taru. Yaya ya karya kan motar ya shiga. Tun taku na farko ta fara kuka, tit-tit-tit, wai tana gargaɗin bango ya yi kusa. A lungunmu kuwa ko'ina bango kusa yake, don haka ba ta sake yin shiru ba. Wata akuya ta gitta, Yaya ya taka birki, sai injin ya mutu ɗif. Ashe haka aka yi ta, in an tsaya sai ta kashe kanta don tattalin mai. Jama'a ba su sani ba. Nan da nan majiya ƙarfi huɗu suka naɗe hannun riga suka dafa bayanta, wani yana cewa, “Sabuwar mota da turi, Allah ya kyauta.” Yaya na sakin birki ta farka, suka kusa kifewa.

Muka iso kwana. Yaya ya murɗe sitiyari har ƙarshe, hancin motar ya je ya tsaya taki guda daga bango. Ya ja baya, gindinta ya kusa taɓa ɗayan bangon. Ya sake gaba, ya sake baya. Kowa ya zama direba, wannan na cewa yanka dama, wancan na cewa yanka hagu. A karo na biyar muka ji ƙiii, gefenta ya goga kusurwar katangar baduku, ta bar farin fenti a jikin ƙasa. Yaya ya fito, rigarsa ta jiƙe sharkaf duk da sanyin da ke busawa a ciki.

Na kira wani abokin aikina a waya, malamin kimiyya a makarantarmu, mutumin Wusasa. A duk waɗanda na sani babu mai hannunsa a tuƙi, shi ke jan motar makaranta in za a kai ɗalibai gasa. Ya zo a kan babur, ya gaida jama'a, ya naɗe madubai, ya shiga. Ya gwada ta gaba sau uku. Ya fita da ita har titi da baya, ya juyo ta, ya shigo da gindi, ya gwada sau biyu. Sannan ya kashe ta ya fito, ya ce in ba shi littafin. Ya wuce shafukan inji da suka sha yatsunmu har suka yi baƙi, ya buɗe na ƙarshe, wanda ke nan fes. Ya nuna mini wani ɗan layi da ke faɗin girman da'irar da motar ke bukata kafin ta juya.

Ya rage murya don kada a ji. “Malam, ko ni ko wanda ya ƙera ta, ba mai shigar da ita nan. Ba kai ke koyar da da'ira a aji uku ba?”

Ina ɗaga kai na hango Baffa tsaye a bakin 'yar ƙofar gefe, ya dafa sanda. Bai yi dariya ba, bai girgiza kai ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi. Ya juya ya koma ciki.

Washegari Yaya ya sa babbar riga ya tafi wurin baduku, na bi shi. Ya roƙe shi a sare kamu biyu daga kusurwar katangarsa, a sake gina masa da bulo. Tsohon yana yankan fata, ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Alhaji, ku kun ci naku. Ku bar mini nawa.” Muka tashi muka fito. Tun daga ranar motar take kwana a harabar wani abokin Yaya a Ƙofar Gayan. Kullum da safe sai Yaya ya hau acaɓa ya je wurin motarsa.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne, kuma unguwa ta yi dariyarta har ta gaji. Amma akwai abin da ba mu lissafa ba, ko kuma muka ƙi lissafawa. Gidanmu ba a shiga. Namiji baƙo iyakarsa zaure, daga nan sai mata da muharramansu. Da muka rushe zauren muka mayar da Baffa ɗakin ciki, mun ɗauke shi ne mun ajiye inda babu abokinsa ko ɗaya da zai iya taka ƙafa. Da farko sukan zo su tsaya a 'yar ƙofar su yi sallama, a shiga a faɗa masa, ya lallaɓo da sanda, su gaisa a tsaye a rana. Tsoho ba ya jure tsayuwa, kuma ba ya son wahalar da tsoho ɗan'uwansa. A hankali sallamar ta ragu. Masu cin tuwo da shi suka koma cin nasu a gida. Ɗakin ba haske, ya ninke rigar da yake aiki ya sa a akwati. Wata rana na shiga gaishe shi ya tambaye ni ko yau Laraba ce, alhali Juma'a ce, an kusa tafiya masallaci. Mutumin da a da shi ake tambaya kwanan wata.

Yaya ba mugu ba ne, abin ya dame shi. Ya sa aka shimfiɗa darduma a garejin, aka kafa fanka, ya je ya durƙusa ya ce Baffa ya dawo wurinsa. Baffa ya dawo, don ba ya musu. Kwana biyu ya yi. Kafin hantsi kwanon ya ɗau zafi, fanka in da wuta iskar zafin take juyawa. In an buɗe ƙofar ƙarfen rana ta shigo har bango, ga shi zaune a fili kamar kayan da aka baza a shago. In an rufe, duhu da amsa-kuwwa. A rana ta uku ya ce bayansa na ciwo, ya koma ciki. Na nemi magina masu ɗaurin guga, aka nuna mini wani tsoho da ya ce hannunsa ya daina ɗaukar ƙasa, yaransa kuma bulo suka koya. Yaya ya ce in sha Allahu bayan damina za a san abin yi. Damina uku ke nan.

Sau ɗaya Baffa ya taɓa shiga motar. Za mu kai shi asibiti a duba idonsa, ya taka da ƙafarsa har titi, muka buɗe masa gaba. Ya zauna, ya shafa rufin da tafin hannu, ya waiga ya dubi kujerun baya, ya dubi inda gwiwarsa ta tokare. Ya ce, “Ashe 'yar wannan ce.” Daga nan har muka je muka dawo injin yana ta karkarwa a duk inda muka rage gudu.

Bayan wannan da 'yan kwanaki, da safe ina shirin tafiya makaranta, ya aiko a kira ni. Na same shi ya sa hula, ya naɗe buzunsa, ga akwatin zare a gefe.

“Ɗauko mini waɗannan, Malam.”

Na ɗauka na bi shi. Na zaci garejin zai sake gwadawa. Muka fito ta 'yar ƙofa, ya wuce shuɗiyar ƙofar ƙarfen ko kallonta bai yi ba. Ya yi ta dogara sanda har kwana. A jikin katangar baduku akwai dakali, na tarar an share shi an yayyafa ruwa, baduku na tsaye a ƙofarsa kamar mai jiran baƙo. Ashe sun gama maganarsu a masallaci.

Na tsaya da buzu a hannu. Na ce, “Baffa, a ƙofar gidan wani? Kana da gida, kana da mu. Me mutane za su ce?”

“Gaskiya za su faɗa. Shimfiɗa.”

Na shimfiɗa. Ya zauna a hankali, ya gyara ƙafa, ya buɗe akwati ya fito da rigar. Daidai saman kansa ga farin fentin da motar ta bari a jikin kusurwa. Ya ɗaga hannu ya dafa katangar.

Ya ce, “Duk gidanmu babu wanda ya ce a'a saboda ni, har ni kaina. Wannan ce kaɗai ta ce.”

Ya miƙo mini allura da zare, don idonsa ba ya ganin kafar. Sai a karo na uku na zura. Kafin in miƙe wani mai wucewa ya riga ya tsuguna yana yi masa sallama, Baffa yana tambayarsa jikin mahaifiyarsa.

Can yake zama har yau. Babu wata hanyar fita da babur daga gidanmu zuwa titi sai ta gabansa, saboda haka kullum da safe sai na kashe babur, na durƙusa na gaishe shi a ƙofar gidan wani. Yakan amsa da fara'a, ya sa mini albarka, ya ce in gaida ɗalibai.